ƊAN TALAKA YA TAFI MAKARANTA, WA YA LAMUNCE ZAI KOMO?

Shekarar 1976 ta zo wa mutanen Wushishi da alkawari biyu. A ranar 3 ga Fabrairu Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar ƙirƙiro Jihar Neja, aka ce an kawo mulki kusa da talaka. A watan Satumba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, aka ce daga ranar ba yaron da zai zauna gida don ubansa ba shi da kuɗi. A 2004 aka sake jaddada alkawarin da dokar UBE, wadda ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne kuma, har ta tanadi hukunci a kan uban da ya ƙi kai ɗansa.

Madalla da wannan doka. Amma akwai tambaya guda da masu mulki suka ƙi tsayawa su amsa tun daga wancan lokaci: yaron nan da aka tilasta wa zuwa makaranta, ta wace hanya zai bi? Wa ya lamunce wa uwarsa cewa zai isa, zai kuma komo da ƙafafunsa biyu? Gwamnatin da ta ce za ta hukunta uba don ya hana ɗansa karatu, alhali ita ta bar hanyar makarantar a hannun direban tirela da ɗan bindiga da ambaliya, ta ɗora wa talaka farilla, ta kuma zame daga tata. Hanyar makaranta ɓangare ce ta makaranta. Wanda ya gina aji ya manta da hanya bai gama aiki ba, ko da ya yanka kirtani a gaban masu ɗaukar hoto.

An yi hanya don kaya

Duk wanda ya dubi tarihin wannan ƙasa zai ga ba a taɓa rowar hanya a Wushishi ba, sai dai a tambayi don wa aka yi ta. A 1901 Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa wani siririn layin dogo daga wajen Wushishi, a bakin Kogin Kaduna, zuwa Zungeru, daga baya suka ƙara shi zuwa Barijuko, don a riƙa ɗauko kayan Gwamna Lugga daga jiragen ruwa zuwa sabuwar hedikwatarsa. Shi ne layin dogo na farko a ƙasar Arewa. A 1912 babban layin da ya taso daga Ikko ya ratsa Zungeru ya haɗu da na Baro zuwa Kano a Minna, gyaɗa da auduga da fata suka kama gangarawa bakin teku. Da Turawa suka ga Kaduna ta fi musu, suka kwashe ofisoshinsu suka bar Zungeru da kangaye.

Bayan samun mulkin kai aka zuba kwalta: wata hanya ta taso daga Minna ta bi Zungeru da Tegina ta nufi Kontagora, wata ta taso daga Bida ta ratsa Wushishi ta haɗu da ita. A 2023 aka kammala madatsar ruwa ta Zungeru, mai ƙarfin megawat 700, wadda ta ci fiye da dala biliyan ɗaya, yawancinsa bashi daga ƙasar Sin. Wutar da take bayarwa tana bin manyan turaku ta nufi birane masu nisa. Ashe ke nan fiye da shekara 120 injiniyoyi suna auna ƙasar Wushishi, suna lissafin nauyin kaya da gudun mota da ƙarfin ruwa, amma ƙafar yaro ɗan shekara bakwai ba ta samu shiga lissafin ba.

A garuruwan da kwalta ta ratsa, hanyar tirela ita ce hanyar 'yan makaranta, ita ce kasuwa, ita ce tashar mota. Inda ya kamata mai tafiya ƙasa ya bi, ko dai ruwa ya zaizaye shi, ko mai tireda ya kafa rumfa, ko kuwa wata babbar mota ta yi kwana uku a tsaye tana jiran bakanike. Dole yaro ya hau kwalta ya zagaye ta, shi bai ga mai zuwa ba, mai zuwa bai gan shi ba.

Mutanen Jihar Neja sun san abin da manyan motoci ke iya yi. A watan Satumba na 2024 tankar mai ta yi karo da motar shanu a yankin Agaie, mutum kusan 50 suka ƙone. A watan Janairu na 2025 wata tankar ta fashe a mahaɗar Dikko, sama da mutum 80 suka halaka. Waɗannan su ne haɗurran da suka kai kunnen gidajen rediyo saboda yawan gawa. Yaro guda da mota ta banke da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ba mai jin labarinsa sai mutanen unguwarsu: a yi masa sutura kafin azahar, a ce ƙaddara, direba ya kama hanya.

Ƙaddara gaskiya ce. Sakaci ma gaskiya ne, kuma ana iya auna shi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, watau kafin direba ya ɗaga ƙafarsa ya kai kan burki ya riga ya wuce tsawon aji biyu. In gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya yana ninkawa sau huɗu. Masana sun daɗe da nuna cewa wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30, kusan tara cikin goma suna tsira, amma da gudun ya haura 50 sai mizanin ya karkata wajen mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 haɗarin hanya yana kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne babban makashin masu shekara 5 zuwa 29. Saboda haka ne taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya. A Nijeriya kuwa littafin dokokin hanya ya ba ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, kuma ko wannan ɗin wa ke tsaye a ƙofar makarantar ƙauye yana tabbatar da shi?

Bindiga da tsadar mai

A kan wannan tsohon ciwo aka ƙara sabo. A ranar 17 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Kagara, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da mutum 42. A ranar 30 ga Mayu na shekarar suka shiga Tegina da rana tsaka, suka kwashe yara fiye da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko, waɗansunsu ƙanana ƙwarai, suka riƙe su kusan wata uku, waɗansu ba su komo da rai ba. Tegina kuwa maƙwabciyar Zungeru ce. A watan Agusta na 2023 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a kan hanyar Zungeru zuwa Tegina. A watan Nuwamba na 2025 aka kwashe sama da mutum 200 daga makarantar St. Mary's ta Papiri a Agwara, gwamnatin jiha ta ba da umurnin rufe makarantu.

Kowa ya san abin da uba mai hankali zai yi bayan irin wannan labari: zai cire ɗansa daga makarantar kwana ya maida shi ta jeka-ka-dawo, inda zai gan shi kowane dare. To, amma makarantar jeka-ka-dawo ta sakandare ba kowane ƙauye ke da ita ba. Yaron da a da yake yin tafiya sau ɗaya a zangon karatu, yanzu sai ya yi ta sau biyu a yini. Ga shi kuma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin kabu-kabu ya bi ta. Uban da yake iya ɗora 'ya'ya uku a babur ya gaza. Yara suka koma ƙasa, suna fita da duku-duku, suna komowa cikin ƙwallewar rana, da damina kuma su tarar da rafi ya kawo ya raba su da makaranta.

Wadda ta fi kowa biyan wannan farashi ita ce 'ya mace. Da zarar tafiya ta yi nisa, hanya ta bi ta cikin gonaki da duhuwa, sai uwa ta ce a'a, kuma ba wanda zai ga laifinta. Daga nan sai talla, sai aure. Sa'an nan a taru a otal a Abuja a yi taron ƙara wa juna sani a kan dalilin da ya sa 'yan matan Arewa ba sa gama sakandare, a ɗora laifin a kan al'ada, a karɓi alawus, a watse.

Waɗansu sun gwada, sun ga amfani

Kada wani ya ce abin ba shi da magani. A ƙasar Holan, a 1971, mota ta kashe yara fiye da 400 a shekara guda. Iyaye mata suka fito kan tituna da gangamin da suka sa wa suna a daina kisan yara, suka matsa wa hukuma har ta ware wa kekuna hanyarsu, ta rage gudu a unguwanni. Yau ƙasar ce ake misali da ita a duniya wajen hawan keke. A birnin Odense na Denmark, cikin shekarun 1970, aka fara tambayar yara kansu wuraren da suke jin tsoro a hanyar makaranta, aka bi aka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Amurka ta kwaikwayi dabarar, har a 2005 majalisarta ta ware dala miliyan 612 don haka.

In an ce waɗannan ƙasashen masu kuɗi ne, to, ga Tanzaniya. A Darussalam wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamare tana sa tudun rage gudu, da zanen tsallaka titi, da alamu, da hanyar ƙafa, ta kuma buɗe wa waɗansu makarantun ƙofa ta gefen da ba mota. Binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin ɗari. Ga kuma Jihar Bihar ta Indiya, wadda talaucinta ba ɓoyayye ba ne. A 2006 gwamnatin Nitish Kumar ta fara ba duk yarinyar da ta shiga aji tara rufi 2,000 ta sayi keke. Masana biyu, Muralidharan da Prakash, suka bi sawun shirin, suka tarar shigar 'yan mata sakandare a kan lokaci ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, tazarar da ke tsakaninsu da maza ta ragu da kashi 40. Wani abin lura shi ne, da yake an ba duk 'yan matan ƙauye tare, sai suka riƙa tafiya ayari guda, tsoron iyaye ya ragu, bakin masu tsegumi ya mutu.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa sun tuna zamanin da keken Raleigh yake alamar malamin makaranta da ma'aikacin En'e, sun tuna yadda kuɗin Udoji ya cika gari da sababbin kekuna da babura a tsakiyar shekarun 1970. Manyan ƙasa ne suka maida shi abin kunya, suka koya wa jama'a cewa mutum ba ya cika mutum sai a cikin mota mai baƙin gilashi. Da Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri a zamanin Obasanjo na farar hula, ya fito yana kiran jama'a su hau keke, ya hau nasa a Abuja, wata bas ta tura shi cikin lambatu. Jama'a suka yi ta dariya. Darasin da ba a ɗauka ba shi ne, in minista bai tsira a titin babban birni ba, wace hujja ake da ita ta cewa ɗan aji huɗu zai tsira a kan hanyar Bida? Raba keke ba tare da gyaran hanya ba, tura yara ne bakin kura.

Uzurin masu mulki

Za a ce ba kuɗi. Hukumar UBEC tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar Tarayya bisa doka, kuma shekara da shekaru ita kanta hukumar take kukan cewa jihohi suna barin biliyoyi a ajiye don sun ƙi kawo nasu kason. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, na naira biliyan 144.8. Ga kuɗin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Ga hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, wadda hedikwatarta ke Minna, an kafa ta ne takanas don mutanen da madatsun ruwa suka shafa. Tudun rage gudu da kwalbati da gadar ƙafa a kan rafi ba su kai kuɗin motar alfarma guda ta ayarin babban mutum ba.

Za a ce hanyar ta Tarayya ce, ko ta jiha ce, kowa ya tura wa ɗan'uwansa. Sai a buɗe Tsarin Mulkin 1999 a duba Jadawali na Huɗu. Ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da magudanan ruwa da fitilun hanya, ya sa ta cikin masu kula da ilmin firamare. Wani abin takaici, a nan ne kuma tsarin mulkin ya tuna da keke, tare da kwalekwale da baro da amalanke, amma don a yanka musu lasin. Hukumar da ke da ikon karɓar haraji a kan keke ba ta da bakin cewa lafiyar mai keke ba ruwanta. Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In kuɗin yana isa Wushishi, a nuna aikin. In ba ya isa, a faɗi wanda ya tare shi.

Za a ce a bari a gama da 'yan bindiga tukuna. Wannan shi ne uzurin da ya fi kowane muni, don yana nufin yara su ci gaba da mutuwa a kan kwalta har ranar da daji zai lafa. Ga shi kuwa aikin guda ne: hanyar da aka share, aka san lokacin da yara ke binta, aka sa manya suna rakiya, ta fi wuyar tarewa ga ɓarawo kamar yadda ta fi wuyar kisa ga direba.

Abin da ake nema

Na ɗaya, a kowace mazaɓa ta Wushishi, daga Zungeru zuwa Akare, Maito, Kodo, Lokogoma da Gwarjiko, hedimasta da iyayen yara da mai unguwa su zauna su zana hanyoyin da yara ke bi, su nuna wuraren haɗari, a miƙa wa kansila a rubuce. Na biyu, a kafa dokar gudun kilomita 30 a gaban kowace makaranta da ke bakin kwalta, boko ko Islamiyya, da tudun rage gudu wanda injiniya ya auna, da zane da alama. Na uku, a yi wa manyan motoci wurin tsayawa a bayan gari, a hana su ajiya kusa da makaranta, a kuma yi hanyar ƙafa mai tudu wadda ba za a bari a kafa rumfa a kanta ba. Na huɗu, Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ta fito da jami'anta lokacin shiga da tashin makaranta, ta horar da masu tsallakar da yara, ƙaramar hukuma ta biya su. Na biyar, gwamnatin jiha ta ba duk yarinyar karkara da ta shiga sakandare keke, a koya wa matasa faci da gyara, a yi rumfar ajiya a makaranta. Na shida, inda rafi ke yanke hanya a sa kwalbati ko gada, inda sai an hau kwalekwale a ba da rigar ruwa. Na bakwai, inda tafiya ta fi ƙarfin ƙafar yaro, a kawo aji kusa da shi.

Saura ɗan Arewa da ke neman halalinsa a Agege, Idi-Araba da Mile 12, a Sabon Badun da na Shagamu, a Ama Hausa ta Owerri ko a Fatakwal. Shi ne yake dako da gadi da tura baro, yake hana cikinsa don ya aika kuɗin yunifom da littattafai gida. Shi ne kuma, in abin ya faru, za a kira da waya a ce ya yi haƙuri, ya shiga motar dare ya zo ya tarar an riga an rufe. Ya ga gadojin ƙafa a kan titin Ikorodu, ya san ana iya yin hanya da tunanin mai tafiya ƙasa. Ya kuma ga yadda Gwamnatin Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni, 2022, ta raba dubban 'yan'uwansa da sana'arsu da sunan kiyaye rayuka. Ya san ke nan gwamnati in ta ga dama tana iya sauya dokar hanya cikin kwanaki kaɗan.

Don haka kada ƙungiyoyin 'yan gari da fadojin Sarakunan Hausawa na Kudu su tsaya ga karo-karon kai gawa gida da shirya walimar Salla. Su sa maganar hanyar makaranta a cikin ajandarsu, su rubuta wa ciyaman da ɗan majalisar jiha da na Tarayya, su nemi a nuna musu layin da aka rubuta ta a kasafin kuɗi. Ga zaɓen 2027, 'yan takara za su bi su har Ikko da buhunan shinkafa da atamfa. Duk wanda ya zo, a tambaye shi makaranta nawa ce a bakin kwalta a mazaɓarsa, nawa ke da tudun rage gudu, yaushe zai yi wa sauran, a kuma sa ya sa hannu a gaban shaidu. Wanda ya kasa amsawa, a bar shi ya koma da shinkafarsa.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ta'aziyyar gwamna da buhun masara bayan an binne yaro ihu ne bayan hari, iyayen Wushishi kuwa sun ji irinsa ya ishe su. Allah ya kiyaye 'ya'yan talakawa a tafiyarsu da komowarsu, ya kuma ba iyayensu ƙarfin halin tambayar haƙƙinsu.